Mu sai ciwo ya kayar da mutum muke miƙa hannu

Wata Juma'a a watan Satumba na shiga wurin aiki a nan Leeds ta Ingila, na tarar an jera kek da shayi a tebur, ga gwangwani a gefe kowa na jefa abin da ya sawwaƙa. Na tambayi wata abokiyar aiki, wa ke kwance? Ta ce ba kowa. Kuɗin na ƙungiyar Macmillan ne mai taimaka wa masu ciwon daji, wadda wani mutum ya kafa a 1911 bayan ciwon daji ya kashe mahaifinsa, kuma duk shekara haka suke yi.

Maganar ta tsaya min a rai, don a makon ne zauren WhatsApp na 'yan garinmu, can wajen Ringim, ya cika da lambar asusu saboda Goggona.

Sankarar mama ce. Ta shekara tana ɓoye ƙullutun, kunya ta hana ta gaya wa ko 'yarta. Da abin ya fito fili aka ce jifa ne, aka yi ta jiƙo da shafe-shafe, sai da ya fashe aka kai ta Kano. A nan fa aka ga zumunci. Kawu ya sayar da riɗinsa tun bai yi daraja ba, aka jinginar da fadama, liman ya yi shela bayan sallar Juma'a, matan gida suka bar mata kwasar adashi. Ko dare ɗaya ba ta kwana ita kaɗai a asibiti ba. Wannan kam Bature bai kama ƙafarmu ba, na ga tsofaffi a nan da ba mai leƙa su sai ma'aikaciyar jinya.

Sai dai kuɗinmu a makare yake zuwa. Ana haɗa shi bayan likita ya riga ya girgiza kai, ya ƙare a kuɗin mota da abincin masu jinya da jiran layin na'urar gasa sankara. Allah ya jiƙan Goggo.

Na san ba za a haɗa ba. Su mutanen Birtaniya tun 1948 ba sa biya in sun je asibitin gwamnati, shi ya sa sadakarsu ta samu sararin zuwa wajen bincike. Ƙungiyar Cancer Research UK shagunan gwanjo gare ta gari-gari, ka kai tsohuwar rigarka a sayar, kuɗin ya wuce ɗakin gwaje-gwaje. In mai biyan haraji ya ba da fam huɗu, gwamnati ta ɗora musu na biyar. Abin da ya fi ɗaure min kai, wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin bincikensu daga wasiyyar mamata yake fitowa.

Sulusi kenan fa! Ai mu addini ya buɗe wa wannan ƙofa, mutum na iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, ga kuma wakafi. Amma a garinmu in aka ce sadaka mai gudana, masallaci ne ko rijiya. Alheri ne, ba musu. To unguwar da ke da masallatai uku, ba ta da ko sisi ajiye don matar da ta ji ƙullutu ta je a duba ta tun yana ƙarami. Rigakafin sankarar bakin mahaifa ma tun Oktoba 2023 aka fara yi a Najeriya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta, mai zama ya gamsar da iyaye ne ya yi ƙaranci.

Bayan arba'in ɗin Goggo na kira Kawu.

"Kawu, Allah ya ƙara girma, in kaka ta yi me zai hana kowane gida ya ware tiya biyar, a sayar a ajiye don awon irin wannan ciwo?"

"Ɗan nan, a tara kuɗin ciwon da bai zo ba? Kar mu yi wa kanmu mugun fata."

Na yi shiru, shi ma ya yi shiru, har na zaci layin ya yanke. Can sai ya ce, "Wai shi awon nan da kake faɗa, da kuɗin mota zuwa Kano, nawa zai kama?"