Ƙyallen da Tela Ke Ƙonawa a Garinmu, a Nan da Dala Ake Sayensa

Shekarata ta huɗu ke nan a Minesota ta ƙasar Amurka, amma har yau ban saba da Disambar garin nan ba. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi, ƙanƙara ta toshe bakin ƙofa, daren kuma ya miƙe kamar ba za a wayi gari ba. A irin wannan lokacin ne maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya da ta yi ritaya daga aikin jinya, ta ja ni wani ɗaki a laburaren unguwarmu, inda mata ke haɗuwa duk ranar Talata, kowacce da kekenta na ɗinki da jakar ƙyallaye.

Abin da na tarar suna ɗinkawa 'yar shimfiɗa ce da ake ɗora farantin mutum a kai lokacin cin abinci a tebur, faɗinta kamar inci 12, tsawonta inci 18. Falle uku ce. Na sama ƙyallaye ne da aka yayyanka aka harhaɗa, na tsakiya auduga ce shimfiɗaɗɗiya mara kauri, na ƙasa kuma ƙyalle guda ne ba haɗi. Sai a bi da ɗinki layi-layi ana ratsa duka ukun, don kada audugar ta dunƙule idan an wanke, a ƙarshe a zagaye bakin da siririn ƙyalle a kalmashe. Ba sa yanka da almakashi. Wata wuƙa ce zagayayyiya mai gungurawa kamar taya, a danne yadi da rula a bi gefenta. Duk haɗi kwatan inci ake bari, ba ƙari ba ragi, kuma ba a ƙara wani ƙyalle sai an goge na farko da dutsen guga. Kowane lokaci na shekara da launinsa: Oktoba ruwan lemo da baƙi da hoton kabewa, Nuwamba launin busasshen ganye saboda bikinsu na godiya, Disamba ja da kore. Idan lokaci ya wuce sai a wanke, a ninke, a ajiye sai baɗi.

Na ɗauka duk ragowar ɗinki ne, sai da na raka dattijuwar nan kantin yadi. Can na ga sabon yadi an yanka shi gutsure-gutsure, inci 18 da 22, an ninke an ɗaure da zare kamar tsaraba. Yadi ɗaya na auduga mai kyau ya haura dala goma. Har ainihin ragowar ƙyallen ma a leda ake ƙulla shi a sa masa kuɗi. Ina tsaye a wurin, zuciyata ta koma shagon telan ƙauyenmu da ke gefen Ringim, a goman ƙarshe na azumi. Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda ƙasan shagon yake zama: atamfa, shadda, leshi, yadin maza, ƙafarka tana nutsewa a ciki. Da almuru yaron shago zai share, ya kai bayan katanga ya cinna wuta. Wanda wuta ba ta ci ba iska ta kwashe shi zuwa kwata, ya jira damina ya toshe wa ruwa hanya. Mu yara mukan tsinci na 'yar tsana, manya su ɗebi na gammo ko na cusa matashi, sauran duk hayaƙi.

Da na kira Inna na ba ta labari, shiru ta yi tukun, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, sabon yadi su yayyanka, su kuma koma su haɗa?" Na ce wallahi Inna, har da auduga a tsakiya, a bi da ɗinki. Ta ce, "Ikon Allah. To ai lifidi ne suke yi wa kwano."

Maganar nan ta zauna mini, domin gaskiya ce tsagwaronta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano ko Ringim ko Haɗeja ya ga 'yan lifida, doki da mahayi a lulluɓe cikin tufa mai kauri da aka cusa wa audugar rimi aka bi da ɗinki gida-gida. Fasaha ɗaya ce da wadda matan laburare ke yi, falle a sama, falle a ƙasa, auduga a tsakiya, sai dai namu an yi shi ne don kibiya ta maƙale kafin ta kai ga fata. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Sama da shekara 600 ke nan hannun Bahaushe ya san wannan ɗinki. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji 'yan'uwana da ke zaune a waje suna cewa za su kai wa matan karkara "sabuwar sana'a". Wace sabuwa?

Ko ita shimfiɗar farantin, muna da abin da ya fi ta dacewa da mu. Idan an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, an kakkaɓe riɗi, an gama da zoɓo, maza da yawa sun tafi cin rani ko sun koma fadama, lokacin ne tsakar gida ke zama masaƙa. Ina iya ganin Goggo a gindin zana da safiyar hunturu, ta juya wa rana baya, kaba a jiƙe cikin ƙwarya, wata an rina ta ja da kore da galura, wata an bar ta fara. Ta fara faifai daga cibiya, ɗan dunƙule kamar ƙwandala, tana soka basilla tana zura kaba tana ja, faifan yana buɗewa a hankali kamar ana zana shi. Ba rula, ba takarda, amma zanen yana zuwa ya haɗu daidai inda ya tashi. Da shi ake rufe kwanon tuwo da ƙwaryar fura, da shi ake bakace, a ɗakin amarya kuma a jera shi a bango. 'Yan mata na gefe da kwarashi da ulu suna saƙa tuma-ƙasa, wata tsohuwa tana murza mazari, wata tana ɗinkin hula da za a kai kasuwa kafin Sallah. Mu ma aikin hannunmu da lokacinsa yake tafiya, sai dai namu gona ce ke tsara shi, nasu kuwa kalandar bukukuwa.

Bambancin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba na gwaninta ba ne, na daraja ne. A nan idan mace ta gama ɗinkinta, takan liƙa ɗan ƙyalle a baya ta rubuta sunanta da shekara. Akwai wani ƙauye a jihar Alabama mai suna Gee's Bend, na baƙaƙen fata jikokin bayi. Matansu talauci da sanyi ne suka sa su harhaɗa tsofaffin wandunan aiki da buhuna su yi abin rufa, tsumma dai irin namu. A 2002 aka rataya waɗannan barguna a manyan gidajen adana kayan fasaha na ƙasar, a 2006 gwamnati ta buga hotunansu a kan sarki na aika wasiƙa, kuma kowane bargo ana faɗin sunan matar da ta ɗinka shi. Mu fa? Faifan da ya ci wa mace kwanaki, a kai shi kasuwar Gujungu ranar Lahadi, mai saye ya juya shi ya taya kamar ya tsinto a hanya. Ni kaina na yi wannan ciniki ina budurwa, na tsaya ina ja-in-ja da wata tsohuwa a kan 'yan canjin da ba su kai kuɗin lemon kwalba ba, har ta sallama don rana ta yi. Yau idan na shiga kantin kayan ado a nan, na ga irin wannan saƙa daga ƙasashen Afirka an rataya ta a bango da farashin da zai ciyar da gida kwanaki, tsohuwar nan nake tunawa, kuma abin yana ci mini rai.

Robar da ta cika kasuwanninmu ita ta ƙarasa lamarin. Murfin roba, kwandon roba, tabarmar roba, ledar cin abinci. Sun fi araha, ba a musu. Amma yarinyar da ta ga uwarta ta sunkuya mako guda a kan faifai aka taya shi ƙasa da murfin roba, da wane baki za ka ce mata ta koya?

Kada kuma in yi rashin adalci. Matan laburare suna ɗinki ne don sha'awa, saboda fansho yana shigowa, wuta ba ta ɗaukewa, famfo na cikin ɗaki, injin yana wanki. Matar ƙauyenmu kafin ta ɗauki allura ta yi surfe, ta kai niƙa, ta jira ruwa, ta hura itace da goyo a baya. Abin da a nan ake kira hutu, a can jari ne na kayan ɗakin 'ya da kuɗin adashi. Wanda ya ce mata ta yi ɗinki don nishaɗi bai san rayuwarta ba. Haka kuma ba duk abin da na gani a nan ne ya burge ni ba. Na shiga gidan da ɗaki guda cike yake da yadi har rufi, wanda mai shi ko za ta ƙara shekara 50 ba za ta ɗinke ba, kuma tana ƙara saya. Na kuma fahimci da yawa cikin tsofaffin nan ba shimfiɗar faranti ce ke fito da su cikin ƙanƙara ba, kaɗaici ne. 'Ya'ya sun watsu wasu jihohi, miji ya rasu, sai ranar Talata suke samun wanda za su yi hira da shi. Abin da suke tuƙa mota su nema, Inna tana da shi kyauta a tsakar gida, daga kishiya zuwa jika zuwa maƙwabciyar da ta leƙo aron maburgi ta zauna har Azahar.

Saboda haka ba na goyon bayan a kwaso shimfiɗar farantinsu a kai Jigawa yadda take. Zanen aro ba ya rufe katara. Mu a tire ɗaya muke sa hannu, a kan tabarma, ba kowa da farantinsa a tebur ba. Abin da nake so mu ɗauka shi ne ƙin zubar da ƙyalle da kuma girmama mai ɗinki. Ragowar turmin atamfa mai yadi shida, bayan an fitar da riga da zane da ɗankwali, ba shara ba ce. Buhu ɗaya na shagon tela zai fitar da shimfiɗar tire babba ta gida duka, da abin sauke tukunya, da shimfiɗar jariri, da bargon hunturu na yara, wanda yanzu sai an je gwanjo ake samu. Ba sai an sayi audugar kanti ba, tsohon zane ninki biyu ya isa ya zama tsakiya. Keken Butterfly na ƙafa da ke ɗakin mata da yawa zai yi aikin ba tare da jiran wuta ba, allura da zare ma sun wadatar. Abu biyu kawai ake kiyayewa. A wanke ƙyallen tukuna, domin wata atamfar tana zuba, ja ya ɓata fari. Sannan a tantance auduga da roba, tunda yawancin masu arahar da ake sarowa daga Kantin Kwari yanzu da roba a cikinsu: a zare zare ɗaya a kai shi ga ashana, auduga za ta zama toka, roba kuwa ta narke ta dunƙule. Mai narkewa ba ta zuwa kusa da tukunya.

Mu da ke waje kuma nauyi na kanmu. Muna aika kuɗi gida ana sayen kayan roba da su, mu kuma mu zo nan mu sayi kwandon wata ƙasa mu yi ado. Idan za mu yi sautun faifai ko hula ko tabarmar kaba, mu biya kuɗin kwanakin da aka yi a kansu, mu tambayi sunan wadda ta yi, mu faɗa wa duk baƙon da ya yaba.

Bayan ƙaramar Sallah na roƙi ƙanwata ta je wurin telanmu ta ce ya tara mata ƙyalle kada ya ƙona. Mamaki ya yi, amma ya cika mata buhu. Ta zaɓo masu kyau ta ba wani ɗan'uwa da ke tahowa ya kawo mini ƙulli guda, sauran ta ajiye a ɗakin Inna. Ranar da na zazzage su a teburin laburare, duk kekunan suka tsaya. Matan suka kewaye ni suna shafa shadda suna ɗaga ta a haske, wata tana tambaya ko zan sayar. A ciki na gane atamfar ankon bikin 'yar Yaya, da shuɗin yadin rigar Baba, da wani ɗan guntun leshi da na san na Goggo ne. Ban sayar ba. Na haɗa su na yi shimfiɗa mai faɗin da zai ɗauki tirenmu na shinkafa da wake, na sa tsohon zanena a tsakiya. Da na gama, dattijuwar maƙwabciyata ta karɓa, ba ta ko tsaya kan adon ba ta kifa shi tana bin ɗinkin baya da yatsa.

Daren nan na tura wa ƙanwata hoton ta WhatsApp na ce ta nuna wa Inna. Da asuba na tarar da saƙon murya. Inna ta sa albarka, ta ce launin ya zauna, ta ce ita ma ta fara haɗa na shimfiɗar jaririn da ake jira a gidan Yaya. Sannan ta ce, "Amma ki juya shi ki ɗauko mini bayan, in ga yadda kika kashe zaren."