Tiyatar rage kiba: wahalar tana bayan an dawo gida

A kauyukanmu na Jigawa har gobe idan mutum ya aje teba cewa ake ya samu hutu, amarya ma wasu sai sun dura mata sha-ka-fashe kafin biki don kar a ce gidansu ba abinci. To yanzu kuma sai ka ji wane ya tafi Masar ko Indiya an rage masa tumbi, yan majalisa suna ta dariya wai kudi ne suka yi masa yawa.

Ni dai ban ga abin dariya ba. Mutumin da kiba ta hada shi da ciwon suga da hawan jini, gwiwa ta ki daukarsa, sallah ma sai a kan kujera, wannan mara lafiya ne ba dan gayu ba. Kuma likitoci ba kowa suke yi wa ba, akwai awon da suke hada nauyi da tsawo, BMI suke ce masa, tsohuwar ka'idar da aka dade a kanta ita ce sai ya kai 40, ko 35 in akwai suga ko hawan jini. Irin tiyatar da aka fi yi yanzu kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin ake yankewa a cire a bar dan siriri, yunwar ma raguwa take don bangaren da aka cire din ne ya fi fitar da sinadarin da ke sa a ji ta. Masu suga da yawa suna samun sauki har a rage musu magani.

Inda nake da ja shi ne ranar da aka dawo. Makonnin farko sai abu mai ruwa-ruwa, bayan nan loma uku hudu ka koshi, a gidan da ake zuba tuwon dawa a kwano daya a sa hannu tare, ga Inna ta tsare ka da ido tana "ci mana dan nan, so kake ka kare?", in ka ki ci kuma sai ya zama raini, in ka matsa wa kanka ka ci amai ne. Sannan bitamin B12 da maganin karin jini da na karfin kashi sai an yi ta sha har karshen rayuwa, ga gwajin jini lokaci-lokaci wanda ba aikin kemis din bakin kasuwa ba ne, sai an hau mota zuwa Dutse ko Kano. Wanda ya yi sakaci jininsa ya yi kasa, jijiyoyi ma su iya tabuwa. Mace kuwa ana so ta dakata da daukar ciki wata 12 zuwa 18, wa zai je ya fahimtar da uwar miji wannan?

Don haka duk mai shirin sayar da gona ko shanu saboda wannan aikin, ya fara tambayar likitan da zai yanka shi wa zai rika duba shi in ya koma Ringim ko Gumel, kuma kudin magungunan nawa ne a wata. In ya ji ana kewaye-kewaye, ya rike gonarsa tukuna ya nemi wani likitan.