Ɗigon da kuke wasa da shi rubutun wani ne

Jiya da la'asar ƙanena ya turo min saƙo a WhatsApp, na buɗe na tarar wayam, ko harafi ɗaya babu. Da na kira shi sai dariya yake: "Yaya, wani harafi ne da ba a gani, shi muke sawa a wurin suna a wasan waya." Ashe abin da ya kwafo gurbin rubutun makafi ne, wanda ba a huda ɗigo ko ɗaya a cikinsa ba. Lambarsa U+2800.

Duk harafin da ke fitowa a wayarku yana da lambarsa a wani kundi na duniya da ake kira Unicode, har da ƙ da ɗ da ɓ namu. A 1999 aka ware wa rubutun makafi gurbi 256 a ciki. Asalinsa, yadda Louis Braille na Faransa ya tsara shi a 1824 yana ɗan shekara 15, ɗigo shida ne, uku hagu uku dama, suna ba da siffa 63. Don kwamfuta aka ƙara biyu a ƙasa suka zama takwas, lissafi ya tashi 256 idan an haɗa da gurbin da ba ɗigo. Abin da ya fi burge ni, kundin bai yanke wa kowace siffa ma'ana ba. Wannan ⠁, ɗigo guda a saman hagu, "a" ne a boko, alif ne a Larabci, in kuma alamar lamba ta gabace shi ya koma 1. Harshen mai karatu ne ke faɗin ko mene ne.

Ina da 'yar baffa a Tudun Wada wadda ta rasa ganinta tun tana ƙarama. Na sha zama ina kallon ta tana rubutu da allonta da tsinken ƙarfe: ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga dama zuwa hagu, sannan ta juya takardar ta bi tudun ɗigon da yatsa daga hagu. Yanzu akwai na'urar da ake haɗawa da waya, 'yan ƙusoshinta na tasowa suna komawa, su mayar da duk abin da aka buga zuwa ɗigo a ƙarƙashin yatsa. Tsadarta sai wane da wane, ita ma aro take samu jefi-jefi.

To, ga inda nake da ƙorafi, kuma da mu nake, masu ido. Sanarwar ɗaurin aure, jadawalin jarrabawa, tallan ɗaukar ma'aikata, duk sai mu ɗauki hoton takarda mu watsa a zauren WhatsApp. Hoto ba harafi ba ne, ba shi da lamba a kundin nan, na'ura ba ta da abin da za ta mayar. Da aka turo wa 'yar baffan nan tawa katin walimar wata ƙawarta, wayarta "hoto" kawai ta ce mata, sai bayan kwana biyu ta ji labari.

Sai ƙugiya. Mu rubuta "kasa" muna nufin ƙasa, wani ya sa k', wani 'k, kowa da kiɗansa. Mai ido zai waiga farkon jimla ya gane. Ita harafi-harafi yake zuwar mata.

Na san wani zai ce ai ga saƙon murya. Na taɓa faɗa mata haka, ta ce: "Yaya, kai za ka yarda a karɓe maka biro a ce kunne ya ishe ka?" Ban sami amsa ba. Da kunne ba a sanin yadda ake rubuta kalma, ko inda aya ta faɗa.

Makarantar makafi ta Gindiri a Filato tun 1953 take, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya kuma an sa mata hannu a Janairun 2019. Amma ba doka ce za ta buga mana sanarwa ba. In kun ɗora hoton katin biki, ku rubuta rana da wuri da lokaci a ƙasansa, da ƙugiyoyinsu. Ƙanena dai na sa shi ya sake buga na walimar gidanmu daren jiya, yana ta gunaguni wai madannan wayarsa ba ƙ, na karɓa na sauya masa su zuwa Hausa.