Ɗan zabon da kaza ta ƙyanƙyashe

Iyaye mata da malaman firamare na Kebbi, akwai wani labarin dabbobi da ya cika littattafan yara da katun na waya. Ɗan tsuntsu ne ya fita daban, aka yi ta tsangwamarsa har ya gudu, da ya girma sai ya fi kowa kyau, masu tsangwamar suka dawo suna fadanci. Wai yana koya wa yaro yarda da kansa. Ni dai ban gamsu ba. Abin da yaro ke ɗauka shi ne ba za a karɓe shi ba sai ya rikiɗe ya fi kowa. To yarinya zabiya fa, ko mai in'ina, ko wanda shan inna ya taɓa? Su wace rikiɗa za su jira?

Labarin da ya fi dacewa yana nan a akurkinmu. Zabuwa ba ta iya reno ba, shi ya sa ake kwaso ƙwanta a sa wa kaza. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28. In aka haɗa su rana ɗaya, da 'yan tsakinta sun fito kaza za ta tashi, na zabon ya yi sanyi ya lalace. Don haka masu kiwo ke fara sa na zabo da kamar mako guda. Wato tun bai fito ba aka yi masa tanadi na daban, kuma daga nan ya kamata tatsuniyar ta fara.

Ga ɗan shekara 4 zuwa 7, kada ta wuce minti bakwai. Bayan "ga ta nan ga ta nanku", a ba ɗan zabo haɗuwa uku kawai. Zakara ya yi wa kukansa dariya, 'yan tsaki su ce zanensa ƙazanta ne, sannan ya iske garken zabi a bakin fadama, masu kama da shi amma ba su san shi ba. A nan ake dakatawa a tambayi yara: ina zai kwana yau? A bar su su yi gardama. A saka gajerar waƙa mai amshi tsakanin haɗuwa da haɗuwa, in babu ita ƙananan barci za su yi. Karin maganar ma akwai: kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta.

Inda ake ɓata ta shi ne ƙarshe. Zabo akwai kwakwazo, don haka mai ba da labari yakan sa shi ya hango shirwa ya ceci gida, sai a rungume shi. Wannan biyan kuɗin zama ne. A bar kaza ta fito nemansa da magariba tun bai tsinana komai ba, ya dawo da zanensa da kukansa, in ya ga dama ya kwana bisa itace kamar yadda zabi ke yi. Maganar shirwa ta jira wani daren.

Sai batun murya. Aji ɗaya a Birnin Kebbi ko Yauri za ka sami Bakabe, Bazabarme, Bafulatani, Bakambare da ɗan Zuru. In malami ya ba zabo karin harshen wata ƙabila don a yi dariya, kafin a tashi tara an raɗa wa wani yaro suna. Haka nuna yaro da yatsa a ce "kamar wane".

Tsohuwar tatsuniyar jemage ma a yi hattara da ita, wadda tsuntsaye suka ƙi shi don haƙora, dabbobi suka ƙi shi don fiffike. A gaban yaron da uwarsa da ubansa ba ƙabila ɗaya ba, ko dai a sauya ƙarshenta ko a ajiye ta sai ya ƙara wayo.