Daga Ɗaya Zuwa Biyar

Kun san Dakta, malaminmu na jami'a, ya ɗauke ni mataimakin bincike a zangon nan. Ba ko sisi, sai kuɗin Keke Napep da alkawarin sunana zai fito a shafin godiya. Binciken kan zafin zuciya ne da neman aure. Ya ɗauko takardar auna zafin zuciya da masana Buss da Perry suka tsara a 1992, mai tambayoyi 29, ya ƙara nasa na kishi a ƙasa, ya ce in samo masa mutum hamsin.

Bayan isha'i na nufi teburin mai shayinmu na Tudun Wada. Na tarar da wani bawan Allah ya ja hular sanyi har gira, yana tsoma burodi. Muka gaisa, ya yarda, na fara.

"Malam, in aka tsokane ka sosai, kana iya kai wa mutum hannu? Daga ɗaya zuwa biyar."

Ya ce, "Biyar."

Har na ji daɗi, yau na samu mai faɗin gaskiya. Na gangaro kan tambayoyin Dakta. "In saurayi yana zuwa zance wurin ƙanwarka ba da saninka ba fa?"

Ya ajiye kofi a hankali. Ya tura hular baya. "Kai ne mai farar jallabiyar ranar Alhamis, ko?"

Yayan mutuniyar ne. Wanda aka ce min yana Legas.

Biro ya suɓuce. Na sunkuya ɗauka, na gwara kai da tebur, gwangwanin madara ya kife kan takardu 12 da na sha wahalar cikewa. Na ɗago, kowa ya yi tsit, sai bakina ya ce, "Yaya, daga ɗaya zuwa biyar?" Wallahi ba ni na aike shi ba.

Amma mai shayin ne ya fi ƙona min rai. Shekara biyu ina cin ƙwansa. Ya san ni, ya san gidan, ko ƙifta ido bai yi min ba. Yana ta ɗaga shayi daga kofi zuwa kofi, kafaɗarsa na rawa, ƙarshe ya ce in biya madara. Dakta ya taɓa ba mu labarin yadda a Amurka ake auna mugunta da yawan yajin da mutum ya zuba wa wanda ba ya son yaji. Su zo su ga attaruhun da yake watsa min a ƙwai tun da na ƙi biya.

Dakta kuma ya ce takardar Yaya ba ta cika ba, saura tambaya huɗu, in koma. Tana nan cikin jakata, tana warin madara.