Madacinmu a garejin Bature

Ranar Asabar na leƙa garejin maƙwabcina a nan Fulorida ta Amurka, na tarar yana haɗa bindigar kamun kifi, irin wadda ake nutso da ita cikin teku, ba ta harsashi ba ce, roba ake ɗanawa ta harba mashin ƙarfe. Ya miƙo min wani jan katako wai mahogani ne na Afirka, na duba takardar na ga an rubuta Khaya. Jama'a dangin madaci ne fa! Da na faɗa masa sai ya ce ai mu da muke da shi ba mu san darajarsa ba. Wallahi har yau maganar na ci na.

Gaskiya mutumin ya iya aiki, ba zan ƙwace masa ba. Katakon tik na ƙasar Bama ya fi so saboda maiƙon jikinsa, ruwan gishiri ba ya cin sa, amma maiƙon nan na hana gam kamawa sai an goge da sinadarin asiton mai cire maiƙo tukuna. Kuma ba gungume ɗaya yake sassaƙewa ba, yanka shi yake falle huɗu, ya jujjuya su ya manne da gam, ya rataye makonni ya ga ko zai lanƙwashe, don ko kaɗan ya karkace mashin ya kuskure kifi. Katakon ipe na Burazil ya ce ƙarfi kam akwai amma nauyi ya yi yawa nutsewa yake, shi kuwa so yake in ya harba bindigar ta taso sama da kanta.

To amma wa ya ce ba mu sani ba? Masassaƙin garinmu ba shi da sikeli ba shi da takarda, ƙwanƙwasa itace kawai zai yi ya ce maka wannan na turmi ne wannan na ƙotar fartanya. Turmin ƙiryar kakata ya girme ni kuma har gobe ana daka a ciki. Su Sarkawa da suke sassaƙa jirgi tun kaka da kakanni a littafi suka karanta?

Abin da ya hana ni ba shi amsa shi ne na tuna madobiya, yadda aka dinga lodinta a tirela ana kaiwa Sin har sai da aka sa ta cikin dokar CITES, yarjejeniyar duniya mai ƙayyade cinikin itatuwa da dabbobin da ake gudun ƙarewarsu, a 2017, madaci da kawo suka biyo baya a taron CITES na 2022. Sauran kuma mun yi gawayi da su. Zuwana gida na ƙarshe na nemi madacin bakin kasuwarmu, wanda Baba ke aikena in ɓanɓaro ɓawonsa in ciki ya murɗa, kututture kawai na samu, an ɗaure akuya a jiki.