Man kanumfari a kwalbar Bature

Baje kolin kayan noma na je a nan Ingila, a wani ƙaton zaure mai sanyi, ko'ina fitilu, ƙasa shimfiɗe da kafet, masu talla duk riga iri ɗaya. A wani teburi an jera 'yan kwalabe masu ruwan ƙasa, gefe kuma faranti biyu na gilashi a rufe. Masarar ɗaya ta yi fumfuna kore shar, ta ɗayan tas. Matashin da ke wurin ya ce man kanumfari ne ya raba su, yana hana fumfunar Aspergillus flavus yaɗuwa, ita ce mai fitar da gubar afalatoksin da ke jawo sankarar hanta. Ya ce an gwada man kirfa da ruwan ganyen darbejiya ma. Da ya ji inda na fito sai ya sassauta murya, wai ai don irinmu ake wannan aikin.

Maganar nan ta tsaya min a wuya.

Ba zan hana Turawa yabonsu ba, mutane ne masu awo. Tarayyar Turai ba ta yarda afalatoksin B1, wani nau'in gubar, ya wuce maikurogiram 2 (kashi biyu cikin miliyan na giram) a kilon gyaɗar ci ba. Man nan kuma bin iska yake, ba ya daɗewa, ba ya cire gubar da ta riga ta shiga ƙwaya, dafuwa ma ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Abin ba wasa ba ne.

To amma yaushe suka san gubar? Sai 1960, da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a ƙasar nan tasu bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Burazil. Mu kuwa ganye da busarwa kafin ajiya, ku da ke gida ba sai na faɗa muku ba. Kakanninmu ba su da faranti na gilashi, shi ke nan sai aka mai da mu almajirai a fannin da muka gada.

Abin da ya fi ci min rai ma a gidana yake. Yarana da aka haifa nan ba su iya damƙar hatsi su sansana su ce ya sha danshi ba. Kwanan watan jikin leda kawai suke dubawa, in ya wuce da kwana ɗaya su zuba a shara, in na yi magana su ce Baba ya cika tsohon yayi.